Makahon radiyo da dakalin surukai

Ni ba mai karatu ba ne. Lakwal, makarantar boko, na yi kaɗan, gona ta kira ni, kuma har yau da gwiwoyina ke kuka kamar tsohuwar ƙofa ba ta sallame ni ba. Amma ina son labari, kuma ɗan abin da na sani a kanshi wajen gardama da wana na koye shi.

Wana shan inna ya taɓa shi tun bai san kanshi ba. Ƙafar hagu ta shanye, da sanda yake tahiya, hannu biyu bisa kanta. Igiya yake tufka, yana saida irin albasa a ƙofar gidanmu, nan ƙasar Tama. Girman kai kuwa, Allah ya ba shi nashi ya haɗa mashi da nawa. In ka miƙa hannu don ya tashi, sai ya dubi hannun ya ce, "Mi ne ne? Goro za ka ba ni?" Jaki da kanshi yake hawa, daga bisa dakalin ƙofar gida, nan kuma yake sauka. Ba a ɗaga shi. Uwarmu ce ta ƙarshe da ta gwada, ita ma sai da ta sha harara.

Shekarar da babban ɗana ya ga yarinya can wajen Karofane, bayan tudu, sai magana ta faɗo kan wana. Wurinmu uba ba ya zuwa neman wa ɗanshi aure, kunya ce. Wanshi ko ƙanenshi ke tahiya da goro, shi ke magana. Ni kuwa ɗan'uwa guda gare ni. In na aiki wani, gari ya ce na ɓoye gurguna. Na ce, "Yaya, yaushe za ka tahi?" Ya ce, "Ina dubawa." Anka yi kasuwar Buza, anka sake yin wata, yana dubawa. Ɗana ya rame. Dangin yarinya sunka fara aiko da tambaya ko mun fasa.

Ana cikin haka, wata la'asar muna zaune da wana, radiyo na rataye ga sandarshi, anka karanta wani gajeren labari. Makaho ne da ƙanenshi mai yi mashi jagora. Makahon nan bai taɓa ɗaga murya ba, kullum godiya yake. Ƙanen ya gaji, ya tahi cin rani ya bar shi. Makaho ya fita ɗibar ruwa ya faɗa rijiya. Ƙane ya dawo ya yi kuka, ya zama mutumin kirki. Mai karantawa ma muryarshi sai da ta yi rawa.

Ni dai ya taɓa ni. Na ce, "Allah sarki, ƙanen nan ya ɗauki kaya."

"Ƙanen!" in ji wana. "An kashe mutum, kai ƙanen kake tausayi. Dama."

"To ai ya yi nadama, Yaya."

"Don ya yi nadamar anka kashe makahon, ɗan auta. Ba ka gani ba? Mai labarin ba ya da yadda zai yi mai ido ya yi hankali, sai ya tura wancan rijiya. Kamar rago, a yanka shi mutane su samu lada."

Furfura ta cika mini gemu, har yanzu ɗan auta nake.

Na ce ai labari ne, dole wani abu ya faru. Ya ce to shi makahon mi ya faru cikin ranshi? Tun farko har rijiya ba a bar shi ya ce komai ba sai na gode. "Makaho marar masifa, ina ka taɓa ganinshi? Wanda ke bayan masallaci, in ka taka mashi tabarma har kakanka sai ya ji. Wanga na radiyo ba mutum ba ne, buhun gero ne da ƙanen ke ja."

Na yi dariya, don gaskiya ce. Na ce amma shi ma ja akwai nauyi, sai dai ba a faɗi. Ya ce ya sani, shi ya sa bai taɓa bari na ja shi ba, in gode Allah. Sannan ya ci gaba da tufka, ya ce kamar ba da ni yake ba, "Kuma makaho ba ya faɗa rijiyar garinsu, ya fi kowa saninta. Garin wasu ne abin tsoro, inda ba ka san ƙasa ba, ga mutane tsaye suna kallo."

Nan na gane abin da yake ta dubawa. Dakali ne. Bai san ko akwai inda zai sauka daga jaki a ƙofar surukai ba, kuma gara auren ya mutu da a rungumo shi kamar jinjiri gaban mutanen da ya je yi wa magana.

Washegari na ce zan je duba irin wake, na hau moto har ƙauyen. Na naɗe fuska da rawani, na tambayi gidan, na same shi shiru. Akwai dakali, amma gajere ne. Na durƙusa ina auna shi da taƙi, ina kwatanta shi da tsayin jakinmu, sai na ji an ce, "Salamu alaikum, malam. Na saye ne ko na haya?"

Uban yarinya ne, kuma ya san ni, a kasuwar Madawa muke haɗuwa lokacin albasa. Uban yaro durƙushe a ƙofar surukai, ba goro, ba ɗan rakiya, yana shafa dakali. Da ƙasa ta tsage da na shige. Na fara cewa ginin ne ya burge ni. Ya dubi dakalin, duk ya zaizaye, akuya ta yi kashi bisa, ya dube ni. Sai na faɗa mashi gaskiya, don ƙarya ba ta zama a bakina. Ya yi dariya har ya riƙe bango, sannan ya ce, "Ban gan ka ba, ba ka zo ba. Tahi."

Da na dawo na ce wa wana, wai na ji gidan surukan nan akwai dakali babba. Ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "Ina irin waken?" Na ce bai yi mini ba.

Ran Juma'a ya sa babbar riga, ya hau jaki da goro, maƙwabtanmu biyu na biye. Su sunka ba ni labari. Dakalin an ɗora mashi laka, ya yi tsawo, ko gama bushewa bai yi ba, an shimfiɗa tabarmi daidai gindinshi. Wana ya tsai da jaki, ya sauka shi kaɗai, ya yi magana har dattawa na gyaɗa kai. Anka ba mu yarinya.

Da ya iso gida gefen rigarshi duk ɗanyar laka. Na jira tsawa. Bai ce komai kan dakali ba, ranar ko bayanta, har yau. Sai dai ya kama ni da faɗa kan akumarin jaki, wai na bar shi ya lalace, ya goge mashi cinya, wane irin ƙane ne ni. Ya yi ta yi har anka ɗaura aure.

Bayan biki radiyo ta maimaita labarin makahon. Wana ya rage murya ya ce, da shi ne mai labarin, ƙanen rufe rijiyar zai yi a ɓoye, makahon ya gane, ya yi shiru, ya zage shi kan tuwo.

Na ce, "Wannan ai ba mai kuka, Yaya."

Ya ce, "Kai dai je ka gyara akumari."