Ranar da Ikilima ta Biya Mijinta Kuɗin Mota

Ni bandar kifi nake sayarwa a kasuwar Kado, amma a Dutse Alhaji nake kwana. Wanda ya san hanyar nan ya san wahalarta: in ba ka fito da sallar asuba a bakinka ba, gosulon titin Kubwa zai cinye maka safiya. Shi ya sa na zama 'yar alon, wato motocin ma'aikata da ke ɗaukar fasinja a hanyarsu ta ofis don su rage zafin kuɗin mai. A nan na san Ikilima.

Motar mijinta ce, Abdulhakim, wata 'yar ƙarama ruwan toka wadda ƙofar bayanta ba ta buɗuwa sai daga waje. Ranar farko saboda Ikilima na shiga. A garin da 'yan wan-cans, masu ɗaukar fasinja su yi musu fashi, suka hana mutane sakewa, ba kowace mota nake yarda da ita ba, amma na ce a raina ɓarauniya ba ta rungume kular abinci tana gyangyaɗi. Daga ranar kujerar bayanta ta zama tawa, gefena kuma wani Thaddeus, ɗan Binuwai, masinja a wata ma'aikata, mutumin da ba ya gajiya da yi wa kwandona tsiya wai yana sa masa yunwa.

Ikilima 'yar Suleja ce, 'yar fari a gidan wani tela. Bayan bautar ƙasa ta sha yawo da takardu har takalminta ya suɗe, kafin Allah ya ba ta aiki a wani banki a Gwarimpa, a teburin da ake kai ƙorafi. Mutum zai zo na'ura ta haɗiye masa kati, ya sauke mata kwandon masifa, ita kuwa ta yi murmushi ta ba shi haƙuri. Duk da haka tana son aikin nan kamar ranta. Da shi take saya wa babanta maganin ciwon sukari, da shi kuma ta san cewa karatunta bai tashi a banza ba. Shi Abdulhakim zanen gine-gine yake yi a wani kamfani a Jabi, wurin wani oga da ya san lokacin shigowa amma bai taɓa jin labarin lokacin tashi ba. Aurensu bai kai shekara biyu ba.

Ba gulma na je yi ba, amma kunne ba shi da marfi. Cikin 'yan watanni na san gidansu kamar ni na share shi. Gas ya ƙare. Mai ruwa bai zo ba. Miyar da ta wuni tana dafawa ranar Lahadi ta lalace don an ɗauke wuta. Ankon bikin ƙanwarsa yana wurin tela, babanta kuma zai ga likita ranar Litinin, wa zai nemi izini ya kai shi? Daga Dutse har Gwarimpa haka ake yi, kai ka ce taron ofis ne. Su koma gida bayan isha'i, kowa ya faɗi kamar buhu. Motar nan ita ce falonsu, ita ce wurin hirarsu, ga mu kuma mun yi ɗare-ɗare a baya. Ko sau ɗaya ban taɓa jin ya tambaye ta yadda ta kwana ba, kuma ban ga laifinsa ba, don wa zai yi wa matarsa magana mai daɗi Thaddeus na huci a ƙeyarsa?

Abin ya faru wata safiya da damina, ƙarshen wata, lokacin da banki ke tatse ma'aikatansa. Muna isa Gwarimpa ogarta ta kira ta. Ta maƙale waya a kafaɗa tana ta ba da amsa, ta zuge jaka, ta zaro kuɗi ta miƙa wa mijinta, yadda duk fasinja yake yi in zai sauka. Shi kuma idonsa na kan madubi yana duban wani mai keke Napep, ya karɓa ya jefa inda yake jefa namu.

"Allah ya kiyaye, madam," in ji shi.

Ta rufe ƙofa ta yi gaba, sai na ga ta tsaya cak cikin yayyafi. Thaddeus ya fara dariya, na zungure shi ya haɗiye abarsa. Ta dawo ta sunkuyo ta taga.

"Karɓa ka yi?"

"Ba ni kika yi," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

Ya ja mota, ya sauke ni a Kado. Ranar na wuni raina a jagule, har na yi wa wata mai saye faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Washegari ta shigo idanu a kumbure. Ba mu kai gadar Dawaki ba ta ce masa ta yanke shawara, wata na ƙarewa za ta ajiye aiki. Ya ce shi bai nemi haka ba, kuma maganin Baba fa? Ta ce Allah zai kawo, amma ita gara ta zauna a gida da ta zama fasinja a wurin mijinta. Ta san abin da za ta yar. Shi ma ya sani.

Ni dai an san ni, magana ba ta kwana a cikina. Na ce su yi haƙuri da tsohuwa ta tsoma baki, amma aikin nan bai yi musu laifin komai ba, mu ne a baya. Ɗan lokacin da Allah ya bar musu a rana sun yanka shi gunduwa-gunduwa sun sayar mana. Abdulhakim ya ce, "Mama Mariya, gaskiya kika faɗa, amma mai ba ya jin wannan maganar." Na ce na sani, ai ba kullum na ce su bar ɗaukarmu ba. Ya yi murmushin ladabi, irin wanda ake yi wa tsofaffi in ba za a bi maganarsu ba.

Ranar Laraba na riga kowa zuwa bakin titi. Da motar ta tsaya, mutane suka yo ca, sai na jingina bayana da ƙofar na dire kwandona a gaba. Na ce kowa ya nemi wata, wannan ta cika.

"Mama, babu mutum a ciki fa," in ji Thaddeus.

"Ta cika na ce."

Na miƙa wa Ikilima ƙullin ƙosai mai zafi ta taga, na ce da mijinta ya ja mota kafin in saɓa masa. Ya dube ni, ya dubi matarsa, ya ja.

Ban san abin da suka tattauna ba, kuma wannan ne karon farko da rashin sani ya yi mini daɗi. Na dai san wata ya ƙare Ikilima ba ta ajiye aiki ba. Na san yanzu shi ke biyowa ta Kado da yamma ya karɓi kifin gidan, har ya fara koyon taya tumatir, ko da yake 'yan gwari suna ganinsa suke murna. Kai Baba asibiti kuma karɓa-karɓa suke yi. Gajiya ba ta tafi ba, wuta ba ta daina ɗaukewa ba, sauran ranaku ana nan ana lissafin gas a gabanmu. Amma Laraba tasu ce, ba sai na ƙara tare ƙofa ba. Ni kuwa ranar a bas nake tafiya, a matse kamar kifin gwangwani, in isa kasuwa a makare, in yi ta mita.

Larabar da ta wuce ina tsaye a bakin titi suka zo wucewa. Ikilima ta juya gaba ɗaya tana fuskantarsa, tana ba shi wani labari har da hannuwa, shi kuma yana dariya yana dukan sitiyari. Ko ganina ba ta yi ba. Wani baƙo a gefena ya ɗaga musu hannu, da ba su tsaya ba ya ja tsaki, ya ce dubi rashin tausayi, mota babu kowa amma an bar mutane a tsaye.

Na ɗauki kwandona na ce masa, "Ɗan nan, ba ka duba da kyau ba ne. A cike take."