Alkukin da ke Bayan Ƙofar Coci

Kakata ta wajen uwa ce ta aike ni, shi ya sa na kasa cewa a'a. Mahaifinta magini ne. Gidajen da ya gina a unguwannin Mandawari da Koki duk an rushe su an sa bulo. Abin da ya rage, in ma ya rage, shi ne wata tsohuwar cocin Angilika a wajen ganuwa, wadda aka ce da shi aka ɗaura rufinta a zamanin Turawa. A gidanmu ba a cika ta da zancen ba.

"Kai da ka yi jami'a," in ji ta, "je ka dubo min. Baba ba ya gama ɗaki sai ya bar alkuki, ɗan gurbin fitila a bango, a dama da ƙofa."

Na daɗe ina ɗagawa. In wani ɗan unguwa ya gan ni fa? In aka tambaye ni me na zo yi? Ranar da na je ma sai da na wuce ƙofar, na dawo, na sake wucewa.

A bakin ƙofa na tuɓe takalmi. Dattijon da ke kula da wurin ya yi dariya.

"Malam, sa abinka. Liman bai iso ba tukuna."

Na riƙe su a hannu, kunya ta hana ni mayarwa.

Ban san me na zata zan gani ba, amma sai na ji kamar na shiga soron wani attajirin cikin gari. Bango mai kauri, na tubali. Tagogi ƙanana. Bakan gizon da ke riƙe da rufin ya taso daga kowane gefe ya haɗu a sama, azara a jere, sanyi har tafin ƙafa. Dattijon ya ce an sha gyara, an yi wa waje siminti, don haka ba zan rantse wane hannu ya yi me ba.

Na leƙa bayan ƙyauren. Ga alkuki, baƙin fitila bai gama gogewa ba. Makullai suke ajiyewa a ciki.

Da na koma na fara yi wa kaka bayani: mai yiwuwa aikinsa ne, sai dai magina da yawa suna yin haka. Ta katse ni.

"A dama yake?"

"A dama."

Sai ta sake tambaya:

"Ka dai tuɓe takalmi?"

"Na tuɓe. Har dariya aka yi min."

"Su yi ta yi," in ji ta. "Ɗakin Baba ka shiga."