Hanjin ragon da ya dawo da Kawu Zariya

Jama'a, Kawu ya yarda! Ku tsaya ku ji yadda aka yi.

Mun tashi daga Tudun Wadar Zariya da asuba, ni da Inna, muka nufi wani ƙauye bayan Soba. Can Kawu, yayan Inna, ya gudu tun da likita ya ce yana da kansar ƙaramin hanji, sai an yi masa aiki. Mahauci ne, ya tsufa da wuƙa a hannu, amma ya kafe wai ciwon daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi zai fantsama.

Motar da muka samu an cusa mu da buhunan taki, ga wata tsohuwa da zakaranta a cinya. Kuɗin mota kuwa ya sake tashi, direba ko kunya. Ni dai ina ta bitar abin da na karanta a waya: wannan kansar ba ta cika yawa ba kamar ta babban hanji, ta fi kama manya, kuma tana ɓuya. Ciwon ciki, rama, ƙarancin jini, sai a yi ta shan maganin olsa. Babban maganinta shi ne a cire wurin da wuri, wani lokaci a bi da magani ta jijiya.

A Soba muka ci ƙosai mai zafi da koko. Nan na hangi kayan ciki a teburin wani mahauci, na sayi hanjin rago a leda. Inna ta ce, "Kai kuma miya za ka yi masa?"

Mun tarar da Kawu a gindin mangwaro, ya rame, ga jarkar jiƙo a gefe. Bayan gaisuwa na zaro hanjin na fara bayani. Ya fizge.

"Ɗan boko, babban ka riƙe! Ga ƙaramin nan, ya ma fi shi tsawo."

Na ce, "To Kawu, in ka ga ƙulli a jikinsa ya kake yi?"

"In yanke wurin mana. Sauran lafiyarsa lau."

Inna ta ce, "To Yaya, haka za a yi maka. Bambancin, su likitoci suna ɗinkewa."

Ya riƙa jan hanjin tsakanin yatsunsa. Can ya ce, "In aka bar ƙullin kuwa, toshe hanya yake." Ya ce a ɗauko masa hularsa.

Kafin la'asar muna Tudun Wada, shi a gaban mota yana yi wa direba faɗan gudu. Washegari da ƙafarsa ya shiga asibiti, an kuma sa masa ranar aiki. Wallahi ban taɓa alfahari da shi kamar ranar ba. Na gane mutum ba ya jin bayani sai da yaren sana'arsa.

Ku fa, akwai naku da ke tsoron wuƙar likita? Da me kuka shawo kansa?