Metal ɗin Motar Baba

Ni ba wanda ya koya min kanikanci. A waya na koya, da leƙen garejin bakin titi, da ɓata janareton gidanmu har Dada, mahaifiyata, ta hana ni taɓa shi. Amma wallahi ina son ƙarfe. In ka ba ni dama sai in wuni ina maka bayanin fistin na cikin inji.

Babanmu direba ne. A-kori-kura gare shi, yana ɗauko buhunan masara da doya daga Mutum Biyu ya kawo Jalingo. Wata rana injin ya buga a hanya, aka jawo motar aka ajiye a tsakar gidanmu a Barade. Kafin a yi maganar gyara sai ciwon idonsa ya tsananta, har ganin ya tafi gaba ɗaya. Daga nan ya shige ɗaki. Ya daina fita majalisa, ya daina kunna rediyo, abinci ma sai Dada ta yi ta lallashi. Kaji suka mai da ƙarƙashin motar gidansu.

Ni kuma na sa a raina in motar nan ta tashi, Baba zai fito.

Na tara abokai muka ɗaga injin da sarƙa a reshen mangwaro, muka kwantar da shi kan tsohuwar taya. Da na kwance kaskon mai na ga abin da ya faru. Ka san kiranshaf, ƙarfen nan mai gwiwa-gwiwa da fistin ke juyawa? Ba kan ƙarfe tsura yake kwanciya ba, akwai wasu 'yan ɓari-ɓari kamar rabin awarwaro da yake juyi a cikinsu, su ake ce wa metal. To namu sun cinye, ɗaya ma ya narke ya manne. Ina ta ƙwanƙwasa shi sai na ji murya daga ɗaki.

"Kai, wane ne ke dukan motata kamar ya kama ɓarawo?"

"Ni ne, Baba."

"Injiniyan waya! Ajiye gudumar nan. Zo ka kama hannuna."

Na kawo shi kan tabarma. Ya ce in ɗora masa kiranshaf a cinya. Ya bi wuyan ƙarfen da farcen babban yatsa a hankali, sai farcen ya maƙale.

"Ka ji? Ya yi zane. In ka sa sabon metal a haka, kafin ka fita gari ya cinye shi. Kai shi a yanka."

Na kai wa mai yanka ya rage shi ya yi sumul, na sayo metal mai kauri daidai yankan. Tun daga ranar, da hantsi Baba zai ce a fito masa da tabarma. Ni ne ido, shi ne hannu. Na wanke komai da fetur, ya sa na hura kowace hanyar mai da bakina har leɓena ya yi ɗaci. Kowane metal yana da ɗan kunne da zai zauna a gurbinsa, da huda da dole ta dace da hudar mai, sai ya shafa ya ji kafin ya yarda. In na ɗaure murfin metal ɗaya sai ya ce tsaya, ya juya kiranshaf da hannunsa.

"Ya yi tauri, sassauta. Kai komai naka sauri, kamar mai zawo."

Dada tana bakin murhu tana dariya, tana share ido da gefen zane. A kwanakin nan har ƙarin tuwo yake nema.

Ni kuwa ɗoki ya cika ni, so nake in ji ta tashi. Yakan ce, "Bari sai gobe, rana ta yi," ni kuma in ce saura kaɗan. Na haɗa, muka mayar da injin, na zuba sabon mai, na aro batir. Na zaunar da shi a kujerar direba na sa masa makulli a hannu. Ya murɗa, motar ta yi tari, ta yi tari, sai ta kama. Kai! Ƙara lafiyayya, ba ƙwas ba ƙwas. Na yi ta tsalle, yaran maƙwabta suka cika gidan.

Baba ya riƙe sitiyari da hannu biyu, fuskarsa na kallon gilashin gaba, ga mota ta tashi amma ba idon tuƙi. Ya daɗe a haka. Sannan ya kashe ta da kansa.

"Ta yi. Allah ya yi maka albarka. Mai da ni ɗaki."

Washegari na shimfiɗa tabarma, bai fito ba. Ranar da ta biyo ma haka. Dada ta fito da kwanon abincinsa kusan yadda ta shiga da shi. Na rasa yadda zan yi, sai na je bakin ƙofarsa na tsuguna.

"Baba, kamar ina jin wata 'yar ƙara a ƙasan injin. Ko mu sake kwancewa mu duba?"

Daga inda yake kwance ya amsa.

"Babu wata ƙara, ɗan nan. Na saurara da kyau. Ka iya aiki." Ya juya fuskarsa bango. "Ja min ƙofar."