Burodin Sunan Jikan Hajaratu

Ina cikin takabar Malam, Hajaratu mai nono ta shigo gidanmu. Ta ga dugadugaina sun tsage, sai ta ajiye ƙwarya, ta lakato man shanu ta shafa mini da hannunta. Ta ce, "Inna, ai ƙafa ba ta takaba." Ran nan na fara dariya.

Bafulatana ce, rugarsu na bayan garin Mairuwa. Ta fi shekara ashirin tana zagaya gidajenmu. In an ce nononta ya yi ruwa, sai ta ce saniyar ce ta sha da yawa, a je a tambaye ta.

Shekarar da ɓarayin daji suka hana mu gonakin nesa, 'yarta Suwaibatu ta haihu. Hajaratu ta sayi burodi buhu guda saboda suna. Wani ya ɗauki hotonta tana ɗora buhun a kan babur. Kafin la'asar hoton ya shiga wayoyi, tare da muryar wani namiji da ba wanda ya san shi, wai ga mai kai wa ɓarayi abinci.

Ni na je sunan nan. Da shayi na ci burodin.

Gidaje suka daina sayen nononta. Ranar kasuwa samari suka tare ta a hanyar ruga. Ba zan rubuta abin da suka yi ba. Allah ya jiƙanta. Mutanenta suka kaɗa shanunsu, ba mu san inda suka nufa ba.

Bara wasu malaman jami'a suka zo suna binciken yadda ƙarya ke yawo a waya. Suka yi ta neman wanda ya fara tura hoton. Kowa ya ce shi ma turo masa aka yi. Da suka iso kaina na ce ni ba ni da waya. Suka rubuta, suka yi godiya.

Ban gaya musu Hajaratu ta zo wurina ba, ana jibi kasuwar da aka tare ta. Ba ta zauna ba, daga bakin ƙofa ta tsaya. Na ce mata to, amma da na isa rijiya na ji yadda mata ke magana, tsoro ya riƙe mini baki.

Abin da ta roƙe ni bai da yawa. Ta ce, "Inna, ke dattijuwa ce, za su ji taki. In kin ji ana maganata, don Allah ki ce kin je sunan."