Ranar da Ban Ce Da Sauƙi Ba

Shekarar da Baffa, ƙanin mahaifina, ya kwanta da ciwon dajin ciki, ni ne mai jigilarsa daga Gwandu zuwa asibiti a Birnin Kebbi. Na gaji da kujerar bas, na gaji da warin asibiti, amma abin da ya fi gajiyar da ni shi ne cewa "da sauƙi". A wurinmu ko majinyaci na shure-shuren mutuwa, haka ake amsawa. Na faɗe ta har bakina ya daina jin ɗanɗanonta.

Wadda na fi faɗa wa ita ce Goggo, yayarsa da ke aure a Kalgo, wadda ta goya shi yana jariri. Ƙafafunta sun ƙi, hawa mota azaba ne gare ta, don haka takan ce tunda da sauƙi, sai an gama girbin shinkafa ta zo. Shi kuma Baffa, da taurin kansa, ya ce ba zai je ta gan shi kamar karan dawa ba, sai ya ciko.

Rannan likita ta ja ni gefe bayan an auna jininsa. Ta ce sojojin da ke kare jiki suna aika wa juna saƙo ta wasu sinadarai a cikin jini, kuma yawansu kan nuna inda ciwo ya dosa. Na Baffa sun hau sosai. Ta ce ba ita ke da ranar kowa ba, amma idan akwai wanda Baffa yake son gani, kada a jira. Na ji haushi ƙwarai. Jinin ma ya faɗi gaskiya, mu ne muka kasa.

Na mai da shi gida, kashegari na hau mashin zuwa Kalgo. Na tarar da Goggo tana tsince shinkafa a faifai.

"Lale, ɗana. Yaya mai jiki?"

Amsar ta zo har bakina, don ta saba da hanya. Na haɗiye ta.

"Goggo, ki ɗauko mayahinki."

Ba ta tambayi mi likita ta ce ba. Ta aje faifan a ƙasa, kaji suka yi kansa, ba ta ko kore su ba.

"Kama ni in tashi," ta ce.