Naman Safe da na La'asar

Ƙarfe sha ɗaya da kwata na safiyar wata Talata, a laburaren jami'a a Kafanchan, na gano babi na huɗu na aikin kammala digirina ya rushe. Saura sati uku in kare shi gaban malamai.

A kan kansar huhu nake aikin. Cikin ƙwayoyin gadon da ke jikinmu akwai masu riƙe da lokaci, su kama aiki a wata sa'a, su lafa a wata. Kansa takan sa a liƙa musu wani sinadari mai suna metil, sai su yi tsit alhali suna nan. Da na yi wa Mama bayani a gonarmu ta citta a Kwoi, cewa ta yi, "Wato an labta wa iri ciyawa har ya kasa tsiro." Har yau ban ji bayanin da ya fi nata ba.

Malamar da ke duba aikina ta ba ni sakamakon gwajin naman huhu daga wani asibiti, na masu kansa da na marasa ita. Na kwatanta, na rubuta cewa a jikin masu kansa ƙwayoyin sun yi shiru. Ran nan sai na koma kan takardun asibitin, don ni ko kwalin magani ne sai na karanta bayansa. Naman masu kansa duk da safe aka yanko shi, na sauran kuwa da la'asar. To yaya zan san kansa ce ta rufe musu baki, ba lokacin hutunsu ba ne kawai?

Ba wanda zai lura in na yi shiru. Ga Mama ta riga ta shaida wa zumuntar mata ta cocinmu cewa bana 'yarta za ta gama. Kwana biyu ina zuwa ƙofar ofishin malamar ina juyawa. Ran na uku ita ta buɗe.

"Ke, gadin ƙofata aka ba ki? Shigo."

Na ajiye takardun, kowace sa'a na ja mata layi da jan biro. Ta daɗe tana dubawa.

"Ma, zan maimaita shekara?"

"Shi metil ɗin kin ƙirga shi?"

"A'a, Ma. Aikin ƙwayoyin kawai na auna."

"To shi ba ya zubewa don la'asar ta yi. Je ki duba."

Sati biyu na yi ina ƙirga metil, ina sake komai. Wasu ƙwayoyin an rufe su da gaske, wasu kuwa ba ni da hujja, na cire su da hannuna. Da na kai mata, na sake tambaya ƙasa-ƙasa ko zan maimaita shekara.

Ta ce, "Maimaita me? Babin ya rame, amma yanzu ba mai iya ture shi. Ke za ki fara tsayawa ranar kare aikin, kuma da wannan kuskuren za ki buɗe. Ki ɗaga murya dai, na kujerar baya ma su ji."